Jirgin shaƙatawa a tabkin Madarunfa: a gwada kafin a biya

Alhaji ko ma'aikacin Maraɗi da ke sha'awar jirgin ruwa ɗan Kwatano, mai tafiya da feshin ruwa, ya fara tunanin inda zai sa shi. Gulbin da ya ratsa Jiratawa da Tibiri yashi ne da rani, sai dai tabkin Madarunfa.

Wannan jirgi ba shi da farfela a waje: ta ƙasa yake zuƙar ruwa, ya tunkuɗa shi ta baya. In tabki ya janye, ciyawa da yashi yake haɗiya, famfonsa ya cinye. Don haka a buɗe famfon a duba, a gwada jirgin bisa ruwa kafin a biya.

A kuma nemi yardar masunta, domin ragar da aka tsinka abincin wani gida ce.