Tagar leƙen cikin kwamfuta da ɗaliban Aliero

Duk wanda ya san Aliero ya san ta da albasa da kuma masu ɗori. Daga nesa ake kawo wanda ya karye, mai ɗori ya shafa ƙafar da hannu, ya gane inda ƙashi ya goce ba tare da ya gan shi ba. Likitan zamani kuwa sai ya nemi hoto tukuna. Tun daga 2006 garin ya samu abu na uku, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi, wadda a yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Ɗalibanta masu karatun kwamfuta su ma gyaran abin da ido ba ya gani ke jiransu, kuma wani sauyi da aka yi a ƙarshen 2025 ya shafi irin hoton da za su riƙa dubawa.

Bari mu fara daga tushe. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, kuma a tsakiyar babbar manhajar akwai ƙwaya da masana ke kira kanel. Ita ke raba ma'adanar wucin gadi tsakanin masarrafai, ita ke magana da allo da batir da kyamara. Ƙwayar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Wayar Android da ke aljihun mai karatu, da ta dillalin albasa da ke ciniki da Legas daga kasuwar Jega, duk ita ce a cikinsu.

To idan ƙwayar ta samu matsala, ta ina za a leƙa? A Disamban 2004 Greg Kroah-Hartman ya kawo wata dabara mai suna debugfs. Mai rubuta direban wata na'ura yakan buɗe fayil na ƙarya, wanda babu shi a faifai. Duk lokacin da mai gyara ya buɗe shi, sai ƙwayar ta rubuto masa halin da take ciki a wannan daƙiƙar: saƙo nawa ya wuce, nawa ya ɓata, wane zafi na'urar ta ɗauka. Sauran tagogin Linux suna da dokoki masu tsauri, wannan kuwa an bar ta kusan babu doka, domin a sauƙaƙa wa masu gyara.

Sai dai taga hanyar iska ce, kuma hanyar ɓarawo ce. An rubuta Linux da yaren C, wanda ya bar wa mai rubutu alhakin tuna wane ɓangaren ma'adana ya ara da lokacin da ya mayar. Ka ƙaddara ɗalibi ya tashi daga ɗakin haya, mai gida ya sa wani, amma tsohon ɗan hayar yana riƙe da makulli. Duk ranar da ya dawo ya buɗe, kayan wani zai tarar, ko ya ɗiba ko ya ɓata. Haka take faruwa idan aka cire wata na'ura, ƙwayar ta mayar da ma'adanarta, alhali wani yana riƙe da fayil ɗin leƙenta a buɗe. Wannan ɓaraka ta daɗe a debugfs, sai a 2016 aka toshe babban ɓangarenta, kuma har gobe mai rubutu da C zai iya sake haifar da irinta idan ya saki bayanan kafin ya rufe tagar. Saboda irin wannan haɗari ne ma Google ya fara hana buɗe debugfs a wayoyin da ake sayarwa tun daga Android 11.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar magana ce. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da yake toshewa duk shekara daga kuskuren sarrafa ma'adana suke. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuwa, kuskure irin wannan a manhajar CrowdStrike, wadda ke aiki a cikin ƙwayar Windows, ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda.

A nan ne yaren Rust ya shigo. Ya girma a hannun Mozilla, kuma sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a Mayun 2015. Hikimarsa ita ce kowane bayani yana da mai shi guda ɗaya, saura kuma aro suke yi, kuma tafintan da ke juya rubutun zuwa yaren na'ura ba zai yarda aro ya fi mai kaya daɗewa ba. Idan ka rubuta abin da zai bar makulli a hannun tsohon ɗan haya, tun a kan teburinka zai ƙi fassarawa. An buɗe wa Rust ƙofa a Linux 6.1 a Disamban 2022, sannan a Linux 6.18, ƙarshen 2025, aka shigar da aikin Matthew Maurer na Google da ya ba direbobin Rust damar buɗe fayilolin debugfs. A tsarinsa an ɗaure rayuwar fayil da ta bayanan da yake nunawa: ba za a saki bayanan ba sai an rufe tagar. Haka kuma, idan bayanan na iya canzawa yayin da ake karantawa, dole mai rubutu ya sa musu kariya, in ba haka ba tafinta ya tsaya. Abin da a da ya rataya ga tunin mutum mai gajiya da ƙarfe biyun dare, yanzu ya koma wuyan na'ura.

Ba a zo nan cikin ruwan sanyi ba. Wasu tsofaffin masu kula da Linux sun ga ɗora musu yare na biyu ƙarin wahala ne, kuma ba su rasa hujja ba, domin rubutun ya kai layi kusan miliyan 40, kusan duka da C. A Agustan 2024 Wedson Almeida Filho, ɗaya daga jagororin aikin, ya ajiye saboda gajiya da cacar baki. Rust ɗin ma ba laya ba ne: a Disamban 2025, watan da manyan masu kula da Linux suka amince cewa gwaji ya ƙare, yaren ya zauna, aka sanar da ɓaraka ta farko a rubutun Rust na ƙwayar, a direban Binder na Android, a daidai wurin da marubutan suka ɗauke wa tafinta alhakin dubawa. Duk da haka alƙaluman Google sun nuna kason ɓarakar ma'adana a Android ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024, bayan an karkata sabon rubutu zuwa yaruka masu kariya.

Ina ruwan Aliero da wannan? A ganina ruwanta ya kai wuya. Mun saba yaye ɗalibai da suka iya ƙawata shafin intanet, amma ƙalilan ne suka taɓa leƙa ƙarƙashin babbar manhaja, alhali bankunanmu da kamfanonin sadarwa a kanta suke zaune. Wannan fanni ba ya bukatar ɗakin gwaji na biliyoyin naira. Rubutun Linux kyauta ne, tafintan Rust kyauta ne, muhawarar masanan a fili take ga duk mai son karantawa. Tsohuwar kwamfutar cinya da faifan hasken rana sun isa malami ya sa ɗan aji uku ya rubuta ƙaramin direba da C, ya buɗe masa taga a debugfs, ya cire direban tagar na buɗe, ya ga yadda na'urar za ta rikice. Sannan ya sa shi ya sake rubuta shi da Rust, ya ga a wane layi tafinta zai taka masa burki. C ba za ta bar manhajar karatu ba, domin wanda bai san ciwon ba ba zai gane maganin ba, amma mako biyu ko uku a cikin darasin babbar manhaja sun isa a gwada su biyun gefe da gefe, kuma shugaban sashe da malamin da ke koyar da darasin za su iya fara shi a zangon karatu mai zuwa.