Yadda Za A Kare Rayukan Ma'aikatan Gidan Namun Daji

Da yawa daga cikinmu mun taɓa zuwa gidan namun daji na Audu Bako a Kano, ko na Jos, mun yi kallon zaki da kura da jimina. Amma kaɗan ne suke tunawa da mutumin da ke share musu ɗaki, ya kai musu nama da ruwa kullum. Shi kuwa ransa a tafin hannunsa yake.

A watan Fabrairu na 2024, zaki ya kashe wani ma'aikaci a gidan namun daji na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, alhali shi ya yi renon zakokin wurin tun suna ƙanana. A watan Satumba na wannan shekara, wani zaki ya kashe mai ba shi abinci a Abeokuta, domin an bar ƙofar tsaro a buɗe. A Ingila ma, a 2013, damisar Asiya mai zane a jiki ta kashe wata ma'aikaciya, saboda ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ta lalace.

In muka duba, za mu ga galibi ƙofa ce sanadi, sai kuma sabo. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Namijin zaki yakan kai kilo 190, ko ya san fuskarka bai fasa zama naman daji ba.

To, mene ne magani? Na farko, a raba mazaunin dabba gida biyu, da ƙofar ƙarfe a tsakani wadda ake ja daga waje. A kora dabbar ɗaya ɓangaren, a kulle, sa'an nan ma'aikaci ya shiga ya yi shara. Nama kuwa ta ƙaramar kafa za a zura shi.

Na biyu, kada mutum ɗaya ya yi wannan aiki shi kaɗai. Ɗaya ya kulle, ɗaya ya jijjiga kwaɗon ya tabbatar, su kuma ƙidaya dabbobin da idonsu kafin a buɗe.

Na uku, a riƙa duba ƙofofi da kwaɗuna da shinge kowace safiya, a rubuta abin da aka gani a littafi, a gyara wanda ya yi tsatsa nan da nan.

Na huɗu, a horar da ma'aikata, a ba kowa rediyon oba-oba, a ajiye bindigar allurar barci a hannun likitan dabbobi. Sai dai allurar takan ɗauki mintoci kafin ta kama jiki, don haka ba abin dogara ba ce in zaki ya riga ya danne mutum.

Wannan dabara ta raba mutum da dabba an gwada ta. A Amurka, ƙungiyar gidajen namun daji ta wajabta wa membobinta kula da giwa daga bayan shinge tun 2014.

Mu ma 'yan kallo muna da namu. Kada mu roƙi ma'aikaci ya buɗe mana keji don mu ɗauki hoto, kada kuma mu jefi dabba mu harzuƙa ta. Shi ma uban wani ne, ana jiran sa a gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, amin.