Amarya da Tata: Matan da Suka Raini Alhassan Ɗantata a Bebeji

Amarya, mahaifiyar Alhassan Ɗantata, 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta a Bebeji a ƙarshen ƙarni na 19. Mijinta Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro tsakanin ƙasar Kano da Gwanja. A Bebeji ta haifi Alhassan a 1877.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, yaron bai kai shekara goma ba. Bayan rasuwarsa, Amarya ta koma Ankara, babban birnin Ghana na yau, ta ci gaba da kasuwanci. Ba ta tafi da 'ya'yanta ba. Tafiyar ayari a wancan zamani ta watanni ce, a ƙasa da kan jakuna, ga ƙetare koguna, ga 'yan fashi, ba tafiyar da za a ɗauki ƙananan yara ba ce. Sai ta damƙa riƙonsu a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Mai karanta labarin a yau yana iya ganin kamar sakaci ne, amma riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma uwa ba ta miƙa ɗanta sai ga wadda ta yarda da amanarta.

Tata ta riƙe amanar. A hannunta Alhassan ya yi karatun allo a Bebeji, ya kuma fara 'yan saye-da-sayarwa don ya samu na kansa. Abin da aka fi tunawa da shi a tarbiyyarta shi ne tattali. Ta koya masa ajiya a asusu, wato 'yar tukunyar nan ta ƙasa mai tsaga a sama, wadda kuɗi ke shiga ba ya fita sai an fasa ta. Shaƙuwarsu ta kai har mutane suka daina danganta yaron da kowa sai ita, suna ce masa ɗan Tata. Baiwa ce da ba ta bar gado ba, ba ta bar sarauta ba, amma sunanta ne zuriyar take amsawa har yau, kuma ta cancanci hakan.

Da ya kai wajen shekara 15, Alhassan ya bi ayarin Gwanja ya je Ankara ganin mahaifiyarsa, daga baya ya dawo Bebeji. Basasar Kano da ta ɓarke a 1893 ta ci garin, aka kama shi tare da 'yan'uwansa, sai daga baya ya samu ya fanshi kansa ya koma fatauci.

Amarya ta rasu a Ankara wajen 1908, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, kafin cinikin gyaɗa ya mai da ɗanta attajirin da ya kai azurfa kayan raƙuma 20 banki a 1929. Jikokinta da suka yi suna, Sanusi da Aminu, bayan rasuwarta aka haife su, a 1919 da 1931. Alhassan ya rasu a Kano a 1955. Ta wajen Hajiya Mariya, 'yar Sanusi, zuriyar ta kai ga Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957.