Ɗan haya ba ya korar mai gida

Duk wanda ya taɓa zaman haya a gidan ƙasa a Agadez ya san hidimar da ke jiransa kafin damina. Ruwan namu ba yawa gare shi ba, amma in ya tashi zuwa da ƙarfi yake zuwa. Sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an share indararo, an duba azarar da gara ta ci. Sau da yawa ɗan haya ne ke yin wannan da kuɗinsa da guminsa, don shi zai kwana cikin yoyo. A gidan aka raɗa wa ƴaƴansa suna, a nan aka yi zaman makokin mahaifinsa, har unguwa ta koma kiran gidan da sunansa. Amma takardar gida tana hannun wani, wanda ƙila yana can Yamai, bai ma san wace ƙofa ce ta karye ba.

Haka zaman magoya bayan Manchester United yake da iyalin Glazer na Amurka. A 2005 suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin rance ne, suka juya suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da a da ba mai bin ta. Mutum ya ci bashi ya sayi gida, ya ce ƴan haya su biya! Wasu magoya bayan suka yi fushi suka kafa tasu ƙungiyar, FC United. A 2010 aka cika fili da gyale kore da rawaya, launin da Manchester United ta riƙa sawa lokacin da sunanta Newton Heath. Ranar 2 ga Mayu 2021 jama'a suka kutsa cikin Old Trafford, filin Manchester United, har aka ɗage wasa da Liverpool. Duk da haka, a Mayun 2024 duniya ta ga ruwa na kwarara daga rufin filin ranar wasa da Arsenal. Wani mai kuɗi, Jim Ratcliffe, ya sayi kashi ɗaya bisa huɗu da ɗan ɗori na ƙungiyar, aka ba shi ragamar harkar ƙwallo, amma rinjaye ya zauna a hannun Glazer.

Wannan bai sa ihun ya zama banza ba. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka miƙe suka bar fili a minti na 77, saboda an shirya kai tikiti fam 77. Cikin kwanaki masu ƙungiyar suka janye, har da ba da haƙuri. A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar da gasarsu ta Super League, ba a yi kwana uku ba ta watse. Ɗan haya da maƙwabta suka tsaya masa yana iya hana ƙarin kuɗin haya, yana iya kunyata mai gida ya turo magini. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne ya ce masa ya sayar ya tafi.

A dubi waɗanda suka tafi ɗin, a ga me ya fitar da su. Hicks da Gillett, masu Liverpool na da, sun sha zagi, amma bankin da ke bin su bashi da kotu ne suka raba su da ƙungiyar a 2010. Mike Ashley ya shekara 14 ana yi masa ihu a Newcastle, bai motsa ba sai da asusun Saudiyya ya ajiye masa kusan fam miliyan 300 a 2021. Mutanen Blackpool sun yi abin da ya fi kowanne ciwo, suka ƙaurace wa filinsu wajen shekara huɗu, amma su ma sai da kotu ta karɓe ƙungiyar daga iyalin Oyston a 2019.

Akwai kuma wurin da maganar ta shafe mu. Old Trafford yana ɗaukar mutum kusan 74,000, amma kuɗin ƙofa ya daina zama babban abin da mai ƙungiya ke dogaro da shi. Daga 2022 zuwa 2025, kuɗin nuna gasar Firimiya a ƙasashen waje ya haura fam biliyan 5, ya ma zarce na cikin Ingila. Cikin wannan kuɗi har da na Canal+ da ake biya a gidajen kallo da fadoji, daga Agadez zuwa Arlit. Muna zagin Glazer kan shayi da gaske, har rai ya ɓaci, wata ya ƙare mu sake biya. Ban ga laifin kowa ba, so ne ya kawo haka. Sai dai mai gida ya san in ɗan haya ɗaya ya fita, dubu na tsaye bakin ƙofa.

Inda magoya baya suke da iko na gaske, doka ce ta ba su. A Jamus ƙa'idar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya. Ingila ma a 2025 ta yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa binciken masu ƙungiyoyi, kuma hayaniyar Super League ta 2021 na cikin abin da ya haife ta.

A Nijar manyan ƙungiyoyi da dama na hukumomi ne: AS FAN ta sojoji, AS Douanes ta duwan, AS Police ta ƴan sanda. Kano Pillars ma ta gwamnatin jiha ce. Mai goyon baya ba shi da kujera a teburin da ake yanke shawara. Don haka nake roƙon matasan Agadez masu kafa ƙungiyoyin unguwa: tun yau, kafin wani mai kuɗi ya zo da riguna da alkawari, ku rubuta a dokar ƙungiyarku cewa mambobi masu biyan kuɗin wata su ne ke zaɓen shugaba, su ne kuma ke sauke shi.