Digiri na Biyu a Fannin Fim ta Intanet: Kuɗinsa da Ɗawainiyarsa ga Ɗalibin Kano

Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, masana'antar finafinan Hausa ta girma ne a kan tsarin koyon sana'a irin na gargajiya, inda matashi zai fara da riƙe fitila ko ɗaukar jakar kyamara a ƙarƙashin ubangida, har ya kai ga a damƙa masa ɗaukar hoto ko tacewa. Wannan masana'anta, wadda Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa suna Kannywood a mujallar Tauraruwa a 1999, ta kafa yawancin ofisoshinta da ɗakunan tace finafinanta a Titin Gidan Zoo da kewayensa, saboda haka matasan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwar Gano sun tashi suna maƙwabtaka da ita, kuma da yawansu a cikinta suke neman abinci. A 'yan shekarun nan, waɗanda suka kammala digiri na farko daga cikinsu suna cin karo da tallace-tallacen jami'o'in Turai da Amurka a wayoyinsu, suna kiransu zuwa ga digiri na biyu a fannin fim ba tare da sun bar gida ba. Tayin yana da jan hankali, amma hukunci a kansa yana bukatar a san ainihin abin da karatun ke ci na kuɗi da lokaci, da kuma abin da takardar za ta iya saya wa mai ita a kasuwar da yake rayuwa a ciki.

Ire-iren digirin da nauyinsu

Digiri na biyu a wannan fanni ya kasu gida biyu. Akwai wanda ake taƙaita sunansa da MA, wanda ya fi karkata ga nazari, wato tarihin fim da sharhinsa da dabarun rubutun labari da tsarin kasuwancinsa, sannan akwai MFA, wanda ya fi yawa a Amurka, kuma ginshiƙinsa aikin hannu ne, domin ɗalibi ba ya kammala shi sai ya shirya fim na kansa wanda malamai za su tantance. Ana auna nauyin karatu da abin da ake kira kiredit, wato ma'aunin da ke nuna yawan aikin da kowane kwas ke nema. A tsarin Birtaniya digiri na biyu kiredit 180 ne, kuma ana lissafa kowane kiredit a kan awa 10 na aiki, ke nan jimillar awa 1,800, waɗanda idan aka raba su a kan shekara biyu na karatun wucin gadi za su kama kusan awa 20 a kowane mako. A Amurka kuwa MFA yakan kai kiredit 60 ko fiye na tsarinsu, kuma yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku ga mai karatu cikakken lokaci. Jami'ar Falmouth a Ingila da Academy of Art University a San Francisco suna cikin makarantun da ke koyar da fannonin fim ta intanet, yayin da wasu ke bin tsarin gauraye, inda ɗalibi zai yi karatu daga gida amma dole ya halarci harabar makaranta na 'yan kwanaki a kowane zango, abin da ke dawo da kuɗin jirgi da biza cikin lissafi.

Kuɗin makaranta da darajar naira

A makarantun fasaha masu zaman kansu na Amurka, kuɗin kiredit ɗaya a matakin digiri na biyu yakan haura dala 1,000, saboda haka digiri mai kiredit 60 ba zai gaza dala 60,000 ba, wanda a canjin naira 1,500 kan kowace dala ya kama naira miliyan 90. Digirin MA na Birtaniya ta intanet ya fi sauƙi, amma shi ma yakan kai fam 10,000 ko fiye, wato kusan naira miliyan 20 a lokacin da fam ya kai naira 2,000. Idan aka ɗora wannan a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a 2024, za a ga cewa ko digirin mai rangwame ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na fiye da shekara 23.

Abin da ya fi yawan kuɗin haɗari shi ne rashin tabbas ɗinsa, domin ana biyansa ne kashi-kashi da kuɗin waje, alhali ɗalibi yana samun nasa da naira. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,400 a 2024. Ɗalibin da ya fara karatu a farkon 2023 yana samun dala ta banki ya wayi gari kuɗin makarantarsa ya ninka sau uku, wanda kuma yake saye a wurin 'yan canji na Wapa ya ga nasa ya ninka sau biyu, ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Mai shirin shiga irin wannan karatu yana ɗaukar alkawarin da ba zai iya sanin iyakarsa ba, kuma wanda ya tsaya a tsakiya yakan yi biyu babu, domin kuɗin da ya riga ya biya ba ya dawowa, takarda kuma ba ta fitowa. Asusun ba da rance ga ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, an kafa shi ne domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati na cikin gida, don haka mai karatu a jami'ar waje ba shi da rabo a cikinsa.

Ɗawainiyar da ba ta cikin takardar biya

Makarantar fim ta zahiri tana karɓar kuɗi mai yawa ne saboda tana tanadar wa ɗalibi kyamara da fitilu da na'urar ɗaukar sauti da ɗakin tacewa, da kuma abokan karatu waɗanda za su zama ma'aikatan fim ɗinsa kyauta. Karatun intanet yana sauke wa ɗalibi nauyin tafiya da masauki, amma yana ɗora masa duk waɗannan kayan aiki a wuyansa. Dole ya mallaki kwamfuta mai ƙarfin da za ta iya tace hoto mai nauyi, da ma'ajiyar bayanai aƙalla biyu don gudun asarar aiki, ya kuma saya ko ya yi hayar kyamara da gilasanta da makirufo. Manhajar tacewa ta DaVinci Resolve tana da nau'in da ake saukewa kyauta, amma Adobe Premiere Pro, wadda editoci da yawa suka saba da ita, ana biyanta ne wata-wata da kuɗin waje.

Wuta da data su ne ramin da kuɗi ke zurarewa a hankali ba tare da an lura ba. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin lantarki ga masu layin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, unguwannin da ba sa wannan rukuni kuma suna samun wuta na awoyi kaɗan, sai su koma ga janareta, wanda mansa ya yi tsada tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ko ga sola da batir, waɗanda ke bukatar jari mai kauri tun farko. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Awa ɗaya ta ɗanyen hoto mai inganci, wato wanda ba a matse shi ba, tana iya cin ɗaruruwan gigabait. Editan da ke zaune a shago a Gyaɗi-Gyaɗi da dare, yana jiran kwamfuta ta gama haɗa fim ɗin da zai aika wa malami kafin wa'adi ya cika, ya san cewa ɗaukewar wuta sau ɗaya za ta iya mayar da shi farko, kuma ya san cewa janaretan da zai cece shi a ɗakin tacewa shi ne wanda ƙararsa ke lalata sauti a wurin ɗaukar fim.

Lokaci, da fim ɗin kammalawa

Awa 20 a mako ba ƙaramin abu ba ne ga wanda abincinsa ya dogara da lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, inda ake fita da safe ba a san lokacin tashi ba, kuma aikin fim mai dogon zango yakan riƙe ma'aikata makonni a jere. Duk kiran aikin da ɗalibi ya ƙi amsawa saboda jinga ko jarrabawa kuɗi ne ya bari, kuma furodusan da aka ƙi amsa wa sau biyu yakan nemi wani. Akwai kuma bambancin agogo, domin Ingila ba ta wuce awa ɗaya tsakaninta da Kano ba, amma Kalifoniya tana bayan Kano da awa 8 zuwa 9, ta yadda darasin da ake yi kai tsaye da yammacin can zai faɗo a tsakar daren nan. Kafin a kai ga wannan ma, makarantu da yawa suna neman shaidar ƙwarewa a Turanci ta jarrabawar IELTS ko TOEFL, da samfurin ayyukan da mai nema ya taɓa yi.

Fim ɗin kammalawa shi ne nauyi mafi girma, domin ɗalibi ne furodusansa, shi zai biya jarumai da ma'aikata da abinci da sufuri, kuma idan yana son nuna shi ga jama'a a jihar sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Sai dai a nan ne ɗalibin Tarauni yake da fifikon da takwaransa na wani ƙaramin gari a Turai ba shi da shi, saboda masana'anta mai rai tana bakin ƙofarsa, da masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da masu kula da ci gaban shiri waɗanda suka shafe shekaru suna aikin. Abin da karatun intanet ya gaza bayarwa, wato aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙwararru, Kano tana da shi a wadace.

Ingancin takarda da hanyoyin cikin gida

Takardar jami'ar waje ba ta da amfani a aikin gwamnati ko koyarwa a jami'a sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta. An ƙara tsaurara wannan tun watan Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo bayan binciken ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, wanda ya nuna yadda ya samu digiri a Kwatano cikin makonni shida. Wajibi ne mai nema ya tabbatar cewa hukumar ilimi ta ƙasar da makarantar take ta amince da ita, sannan ya samu bayani a rubuce daga ma'aikatar da yake son yi wa aiki cewa za ta karɓi digirin da aka yi ta intanet, kuma ya yi hakan kafin ya biya kashin farko.

A cikin gida akwai hanyoyin da ake biya da naira. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa da sashen wasan kwaikwayo, kuma a cikinta ne Farfesa Abdalla Uba Adamu ya gina bincikensa mai zurfi a kan finafinan Hausa kafin ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, NOUN, daga 2016 zuwa 2021. A Jos akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da Ali Nuhu ya zama shugabanta a watan Janairun 2024, kuma Jami'ar Jos tana da digiri na biyu a kan al'adun fim da adana shi tare da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus. Ga mai neman ƙwarewar hannu zalla, makarantar MultiChoice Talent Factory da aka buɗe a 2018 tana horar da matasa a Legas ba tare da sun biya ba, duk da cewa gurabenta kaɗan ne.

Wanda digirin zai amfana

Kasuwar Kannywood ta yau, wadda ta tashi daga kaset da faifai a Ƙofar Wambai ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ba ta tambayar darakta takardarsa, aikinsa na baya take dubawa, kuma ribar da ake samu a cikinta ba ta kai ta mayar wa mutum naira miliyan 20 cikin ɗan lokaci ba. Saboda haka wanda burinsa ya iya haska fitila ko tace hoto zai fi cin riba idan ya zuba kuɗin a kayan aiki da gajerun kwasa-kwasai. Digiri na biyu yana biyan bukatar mutum iri biyu ne: wanda ke son koyarwa ko bincike a jami'a, inda takardar sharaɗi ce, da wanda ke son shiga fagen bukukuwan finafinai da asusun tallafi na duniya, inda ake bukatar iya rubuta tsarin aiki da kasafin kuɗi da kare manufar labari a gaban alƙalai. Zaɓen fim ɗin Mai Martaba na Prince Daniel Aboki a matsayin wakilin Nijeriya a gasar Oscar a 2024 ya nuna cewa labarin da aka yi da Hausa zai iya kaiwa wannan fage.

Masana'antar tana da gurabe na gaske da ilimi mai zurfi zai cike, musamman rubutun labari da ingancin sauti da dokar haƙƙin mallaka da adana tsofaffin finafinai waɗanda kasusuwansu ke lalacewa a shaguna. Tun bayan soke shirin alƙaryar fim ta Ƙofa a ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, bukatar cibiyar horarwa mai ƙarfi a Kano tana nan ba ta gushe ba. Abin da ya dace da wannan yanayi shi ne digiri na biyu na gauraye, wanda jami'a ta cikin gida za ta koyar da ɓangaren nazarinsa ta intanet, a yi ɓangaren aikinsa a situdiyoyin Titin Gidan Zoo tare da sa hannun ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da Hukumar Finafinai ta Nijeriya, a biya kuɗinsa da naira, a kuma yarda ɗalibi ya gabatar da fim ɗin kammalawarsa da Hausa. Kafin a samu haka, matashin da ke duban tayin jami'ar waje ya kamata ya haɗa kuɗin makaranta da na kayan aiki da na wuta da data da na aikin da zai bari, ya ƙara wani kaso domin faɗuwar naira, sannan ya auna jimillar da takamaiman aikin da yake sa ran takardar za ta buɗe masa.