Kalmomin Yanayi na Hausa da Shirya Yara Domin Jarrabawar Kimiyya

Manufar Ilimi ta Ƙasa wadda aka fitar a Nijeriya a shekarar 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, a shekarun farko na firamare. Darasin yanayi yana cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan hanya, domin ɗan Bahaushe yakan zo makaranta da rabin darasin a bakinsa. Abin da yake kayar da yara a jarrabawa shi ne haddar ma'anoni ba tare da fahimta ba. Da zarar an juya tambaya, sai su rikice.

Abu na farko da ya kamata malami ya warware shi ne kalmar "yanayi" ita kanta, don tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai yanayin yini, wato zafi ko iska ko hadarin da aka tashi da shi yau. Akwai kuma yanayin ƙasa, wato halin da wuri ya saba da shi shekara da shekaru. Ruwan da aka yi jiya a Kano yanayin yini ne, amma kasancewar marka takan faɗo a watan Agusta yanayin ƙasa ne.

Na biyu, a ɗora dalili a kan abin da yaro ya sani. Ya san bazara da damina da kaka da hunturu. Abin da ya rage shi ne iska biyu da suke juya su. Iskar kudu maso yamma tana tasowa daga tekun Atlantika ɗauke da laima, ita ce mai kawo damina. Ta arewa maso gabas kuwa daga Sahara take, busasshiya ce, ita take kawo hazo da kaushi. Haka nan shanyar da ta bushe a igiya, da gumin da yakan taru a marfin tukunya, sun isa su bayyana yadda ruwa yake zama tururi, ya hau sama ya huce ya zama girgije, sa'an nan ya sauko.

Na uku, a raba al'ada da amsar jarrabawa cikin ladabi. Hausawa sukan ce bakan gizo yana shanye ruwa, har suna kiransa masha-ruwa. Ba raina wannan magana za a yi ba, sai dai a nuna wa yaro cewa hasken rana ne yake ratsa ɗigon ruwa ya rarrabu launi-launi. Ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa kuwa domin haske ya fi sauti gudu.

Daga ƙarshe sai awo. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, nesa da indararo, yara su riƙa auna zurfin ruwan da milimita kowace safiya, suna rubuta ko yayyafi aka yi ko mamako. Yaron da ya yi mako biyu yana cika irin wannan jadawali, ba zai firgita ba in ya gamu da shi a takardar jarrabawa. Kalmomin Turanci kuwa, in an zo gare su, suna ne kawai za su zama ga abin da ya riga ya gane.