Kiɗa a Cikin Gem: Ina Matsayin Jos?

A watan Afrilun 2020, lokacin da korona ta rufe wuraren casu, mawaƙin Amurka Travis Scott ya yi wasa a cikin gem ɗin Fortnite, mutum miliyan 12.3 suka halarta a lokaci guda. A 2022 ƙungiyar Blackpink ta Koriya ta Kudu ta yi nata a PUBG Mobile, gem ɗin da samarinmu suka sani. Dalilin wannan sauyi na kai kiɗa cikin gem a fili yake: kamfanoni na son a daɗe a cikin gem ana sayen sutura da salon rawa, mawaƙa kuwa sun bi matasa inda suke taruwa.

Abin da ya fi jan hankalina ba manyan taurarin ba ne. A cikin gem ɗin The Lord of the Rings Online, 'yan wasa da kansu ne makaɗa. Mutum zai zauna ya rarraba waƙa kashi-kashi da wani rubutun kiɗa mai suna ABC, wannan na mai sarewa, wancan na mai ganga, sannan a haɗu a buga tare. Tun 2009 suke bikin kiɗa duk shekara mai suna Weatherstock. A ƙarshen 2023 Fortnite ma ta buɗe sashen Festival, inda abokai ke haɗa kiɗa.

Jos fa? Garin da ya raini P-Square da M.I Abaga da Jesse Jagz da Ice Prince, garin Ɗan Maraya mai kuntigi, bai rasa kunne ba. Matsalar a sabis take. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da yawancin waɗannan wasanni suna wasu ƙasashe masu nisa, saƙo sai ya je ya dawo. Mai harbi a PUBG zai iya jure ɗan jinkiri, amma makaɗi in ya makara da ƙiftawar ido, kiɗa ya watse. Ga tsadar data, wadda ta ƙaru bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a Janairun 2025, ga wutar lantarki mai zuwa in ta ga dama. Sakamakon haka, yaron Farin Gada ko Bukuru yakan shiga ne a matsayin ɗan kallo, yana kashe kuɗi a kan kiɗan wasu.

Sai dai tsarin ABC ya nuna wata ƙofa. Tunda an riga an tsara kiɗan, gem ne ke daidaita bugun, jinkirin sabis bai cika ɓata shi ba. Aikin yana hannun mai tsarawa, kuma wannan fasaha ce da ɗakunan ɗaukar waƙa na Jos suka ƙware a kai. Akwai kuma ribar da ba ta kuɗi ba: rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, amma ƙungiyar kiɗa a gem ba ta tambayar unguwar kowa.

Haɗarin shi ne kayan kiɗan da gem ke bayarwa na Turai ne, babu kalangu, babu kuntigi. Yaron da ya koyi tsara kiɗa a nan, kunnensa zai saba da na Turawa. Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa tana Jos, haka Jami'ar Jos. Ya kamata su fara koyar da haɗa sauti domin gem, su kuma naɗi amon kayan kiɗan Filato da na Hausa yadda masu ƙirƙirar gem za su iya amfani da shi.